Abokina ya ce sai mugu zai zama a wasanmu na tebur: in bar shi ko in hana?

Wani matashi daga Agege, a Legas, ya aiko mini da tambaya. Shi ne ke jan wasan Dungeons & Dragons ga abokansa huɗu duk ranar Lahadi bayan La'asar. Wasa ne na labari: kowane ɗan wasa yana ƙirƙirar mutum ɗaya a takarda ya taka rawarsa, mai jan wasa kuma shi ke ba da labarin da taka sauran mutanen cikinsa. Ɗaya daga cikinsu ya nace sai ya ƙirƙiri mugu, mai kisa don a biya shi. Da aka bar shi, a zama na biyu ya sace jakar zinaren abokan tafiyarsa suna barci, ya kuma soke mai masaukin da ya ba su wurin kwana. Da aka yi masa magana sai ya ce, "Ai haka halinsa yake." Yanzu biyu daga cikin abokan sun ce ba za su ƙara zuwa ba. Tambayarsa ita ce ko ya hana mugaye gaba ɗaya. Ya kuma ƙara da cewa shi kansa bos ɗin da ya tsara wa labarin, wato babban mugun da 'yan wasa za su fuskanta, dariya ake yi masa, babu mai jin tsoronsa.

Ƙanena, kada ka hana, amma kada ka ci gaba a yadda ake tafiya. Abokinka ya cakuɗa abu biyu da dole a raba su: halin mutumin da ya ƙirƙira a takarda, da amanar da ke wuyansa shi kansa ga mutanen da ke zaune da shi. Na farkon zai iya zama baƙi ƙirin, wasa ya yi daɗi. Na biyun ba a taɓa shi. Wanda ya taso daga Alaba Rago ya hau danfo biyu, ya sha cunkoson hanya don ya zo Agege, rana ɗaya tal da yake hutawa a mako, bai zo don a wawashe shi yana kallo ba. Kuma amsar "haka halinsa yake" gajera ce: wa ya rubuta halin? Mutumin takarda ba ya ɗaga hannu sai mai shi ya ɗaga masa. Wanda ya iya zaɓar masa mugunta zai iya zaɓar masa irin muguntar da ba za ta tarwatsa teburi ba.

Wannan rigima ta girme ku duka. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, hali kashi uku kawai aka raba shi: mai bin doka, mai hargitsi, da na tsakiya. Littafin 'yan wasa na 1978 shi ya zo da gidaje tara da kuka sani, inda aka haɗa bin doka ko hargitsi da nagarta ko mugunta. A wannan littafin, cikin azuzuwan sana'a da ɗan wasa ke zaɓa wa mutuminsa, akwai ajin mai kisan gilla, kuma doka ta ce dole ya zama mugu. Da surutu ya yi yawa a Amurka cikin shekarun 1980, iyaye da wasu masu wa'azi suna zargin wasan da koyar da bautar shaiɗan, sai bugu na biyu na 1989 ya cire wannan aji daga babban littafi, aka kuma sauya wa shaiɗanun wasan suna. A bugu na biyar na 2014 akwai zaɓin mugaye, kamar mayaƙin da ya karya rantsuwarsa da limamin mutuwa, sai dai ka lura da inda aka ajiye su: a littafin mai jan wasa, ba a na 'yan wasa ba, kuma sai da izininsa ake ɗauka. Hatta a wasannin bainar jama'a da kamfanin ke tsarawa, Adventurers League, a shekarun farko na wannan bugu an hana mugaye kashi biyu, an bar kashi ɗaya kaɗai, shi ma da sharaɗin ya kasance ɗan wata ƙungiya da ke cikin labarin. Wato masu wasan da kansu sun gano cewa mugu yana zama a teburi ne idan akwai igiya a ƙafarsa.

Kashin da aka bari shi ne mugu mai bin ƙa'ida, kuma shi nake ba kowane sabon shiga shawarar ya fara da shi. Wannan mutum ne mai cika alkawari, mai biyan bashi, mai girmama na gaba da shi, amma ba tausayi a zuciyarsa ga wanda ba nasa ba. Idan ya ce zai raka ku har ƙofar gari, zai raka ku. Idan kuka kama fursuna kuna gardamar yadda za a yi da shi, shi ne zai ce a hankali, "Ku fita ku sha iska, ku ba ni minti goma da shi." A nan daɗin yake: sauran 'yan wasan sai sun yanke shawara ko za su fita ɗin. Muguntarsa ta ba su abin yi, ta sa kowa ya nuna nasa halin. Mugu mai son kansa kawai ya fi wuyar riƙewa, don kullum sai an nemo masa dalilin da ya sa cin amana bai fi masa riba ba. Shi kuwa mugu mai hargitsi, wanda ke kisa don ya ga jini, da wuya ya yi zama uku bai rusa labari ba, kuma shi ne mafi yawan masu cewa "mugu nake so" suke nufi. Sau da yawa ma ba mugunta suke nema ba, 'yanci suke nema daga sakamako, su yi abin da suka ga dama babu mai tambaya.

To ka zauna da abokin nan, ku biyu, ba a gaban sauran ba. Ka tambaye shi me mutuminsa yake so a duniya wanda kisa hanya ce kawai zuwa gare shi. Idan ya ce kuɗi, ka ce kuɗin me? Kada ka karɓi amsa sai ta yi fuska da suna. Sannan tambaya mafi nauyi: me ya ɗaure shi da waɗannan mutum ukun? Nan ne ake gyara ko a ɓata. Bari in nuna maka yadda mai kisan nan zai iya komawa. An sayar da ƙanwarsa ga wani gidan sarauta tun suna yara, kuma kuɗin fansarta zinare dubu biyar ne. Duk wanda ya kashe, lissafin da yake yi ke nan. Mai warkarwar cikin tawagar ita ce ta taɓa tsince shi a bakin kogi da kibiya a ciki ta yi jinyarsa, don haka a wurinsa jininta haramun ne, da na duk wanda ta kira ɗan'uwa. Ba ya taɓa yara. Ba ya sata a gidan da ya ci gishirinsa. Ka ga har yanzu mugu ne: zai yanka mai gadin da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya goge wuƙa ya ci abincinsa. Amma da wannan mutum mai masaukinku yana nan da ransa, jakar zinare tana inda aka ajiye ta, kuma ran da aka tarar da ƙanwar a gidan mutumin da tawagar ta rantse za ta kare, teburin zai yi tsit, kowa yana kallonsa. Wannan shirun shi ake nema.

Abin da mugu ba zai yi ba ya fi abin da zai yi bayyana shi. Ka sa abokinka ya rubuta abu biyu ko uku irin waɗannan a bayan takardarsa da hannunsa.

Sai dokar tsakanin 'yan wasa, wadda nake so ka kafa ko da babu mugu a teburinka. Ba a jefa dayis, wato 'ya'yan lambar da ke yanke ko abin da aka yi niyya ya yi nasara, a kan mutumin wani ɗan wasa sai mai shi ya yarda. Mai son ya yi wa abokin tafiyarsa sata ko ƙarya, ya faɗa a fili kowa yana ji, mai jakar ya ce "na yarda, mu gani" ko ya ce "a'a". Idan ya ce a'a, magana ta ƙare, ba a neman dalili. Na san wasu na son miƙa wa mai jan wasa 'yar takarda a ɓoye ko su turo saƙon WhatsApp ana tsakiyar wasa. A teburin da aka daɗe tare aka san juna hakan na iya armashi, amma a naku da rauni bai warke ba, ka rufe wannan ƙofar. Sirri tsakanin mutanen labari abu ne mai kyau. Sirri tsakanin mutanen da ke zaune a tabarma ɗaya shi ke haifar da gaba, ga shi ku gobe Litinin za ku haɗu a kasuwa ko a masallaci. Cin amana mafi daɗi da ake yi a wasa shi ne wanda kowa a teburin ya san yana tafe, mutanen labarin ne kaɗai ba su sani ba.

Kai ma akwai naka aikin. Mai masaukin da aka kashe yana da mata, yana da 'ya'ya, garin yana da hakimi da dogarai. Idan aka wayi gari labari ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, ka koya wa abokinka cewa mutanen duniyarka ba mutane ba ne. Ba ina nufin ka turo masa mayaƙa hamsin don ka huce haushi ba, wannan ramuwa ce kuma kowa zai gane. Ka bar abin ya biyo shi a hankali: masauki na gaba ya ƙi buɗe musu ƙofa, farashin kaya ya tashi idan an gan su, wani yaro ɗan shekara sha biyu ya riƙa bin su daga nesa da wuƙar mahaifinsa. Wasu wasannin sun saka wannan cikin dokokinsu, kuma za ka iya ara. A Vampire: The Masquerade, wanda ya fito a 1991, kowa dodo mai shan jini yake takawa, amma akwai ma'aunin mutuntaka daga sifili zuwa goma. Yawanci ana farawa da bakwai, mugun aiki yana iya rage shi, kuma wanda ya kai sifili ya rasa mutuminsa, ya koma hannun mai jan wasa. A Blades in the Dark na John Harper, na 2017, duk 'yan wasan gungun masu laifi ne, gungun yana da takardarsa ta kansa, kuma duk aikin da aka yi da hayaniya ko zubar da jini yana ƙara musu zafin idon hukuma. Idan kuwa wata rana duk ku biyar kuka so labarin mugaye zalla, kamfanin Paizo ya fitar da jerin labaran wasa mai suna Hell's Vengeance a 2016 don haka, kuma ka duba dabararsu: 'yan wasan duk ma'aikatan gidan sarauta ɗaya ne, akwai wanda suke amsa wa. Mugaye huɗu ba sa tafiya tare sai da ubangida ɗaya ko maƙiyi ɗaya.

Yanzu abin da na fi damuwa da shi, wanda littattafan da aka rubuta a Amurka ba za su faɗa maka yadda ya shafe mu ba. Kafin a sake jefa dayis, ku yi zaman sharar fage, zaman da ba a wasa, magana kawai. Akwai tsarin da Ron Edwards ya bayyana a 2003 na iyaka da labule. Iyaka ita ce abin da ba zai shigo labarin ba ko kaɗan. Labule shi ne abin da zai iya faruwa amma ba a siffanta shi, a ce "an yi" a wuce. Mu Hausawan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12, kusan kowa yana da gida a Arewa, kuma a cikin mutum biyar da wuya a rasa wanda aka taɓa ɗauke ɗan'uwansa a Zamfara ko Katsina ko hanyar Birnin Gwari, ko wanda aka yi karo-karon kuɗin fansa da shi. Idan abokinka ya ce mutuminsa zai sace ɗiyar attajiri ya nemi fansa, a wurinsa dabara ce ta samun zinare. A wurin na kusa da shi kuwa muryar da ya ji a waya ce cikin dare. Kuma ka san halinmu, ba zai ce komai ba, kunya da kara za su hana shi, sai dai ka ga ya daina zuwa. Don haka kada ka tambaya a bainar jama'a. Ka ba kowa takarda ya rubuta abin da ba ya so ba tare da suna ba, ka haɗa ka karanto gaba ɗaya kamar naka ne. Misalin da na ba ka na ƙanwar da aka sayar ma, idan ya faɗa cikin abin da wani ya rubuta, ka jefar da shi ka nemo wani. Katin X da John Stavropoulos ya ƙirƙiro shi ma yana taimakawa: takarda ce da aka zana X a tsakiyar teburi, wanda abu ya dame shi ya taɓa ta, a sauya hanya ba tare da tambayarsa dalili ba.

Haka batun addini. Hukuncin wasan kansa na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da zan faɗa maka na aikin teburi ne: ba dole ba ne ɗan wasa ya furta da bakinsa duk abin da mutuminsa ya furta. Idan mugun yana rantsuwa da wani gunki ko yana kiran wani abin bauta na cikin labari, ya isa a ce "ya yi rantsuwarsa" ko "ya karanta surkullensa", a ci gaba. Babu abin da ya ragu a wasan, kuma ba wanda zai tashi da nauyi a ƙirji idan aka kira Magariba. Mu ba baƙin shiga rigar wani ba ne. Yaran da ke tashe a watan azumi suna kwaikwayon boka da tsoho mai kwaɗayi da azzalumin miji, kowa ya san yaron gidan wane ne a cikin tsummokaran, kuma kowa ya san inda wasan ya tsaya.

Sai bos ɗinka da ake yi wa dariya. Ina kyautata zaton ka yi masa baƙar alkyabba da babbar murya, ka ajiye shi a ƙarshen kogo yana jira a zo a kashe shi. Ba a tsoron wanda ba a sani ba. Ka duba Strahd, mugun da Tracy da Laura Hickman suka ƙirƙira a wani littafin labarin wasan mai suna Ravenloft a 1983, wanda aka sake fitar da labarinsa a 2016. Ya kashe ƙaninsa saboda macen da yake so, kuma duk ƙasar da 'yan wasa suka faɗa ciki tasa ce. Ba ya jira a ƙarshe. Yana zuwa ya gan su tun suna raunana, yana aiko musu da goron gayyata zuwa cin abinci a gidansa. Fiye da shekara arba'in ana tsoronsa saboda an zauna da shi an ji ladabinsa.

Ka gwada wannan. Gari ne da fari ya kama, rijiyoyi duk sun ƙafe sai guda uku, ukun kuma na wani attajiri ne. Shi ya cike sauran da ƙasa cikin dare, amma ba wanda ya sani tukuna. Yana ciyar da marayu, shi ya yi wa mahaifiyar ɗaya daga cikin mutanen da 'yan wasanka ke takawa sutura da ta rasu. Ran da suka gano gaskiya suka je gidansa, sai ya sa a shimfiɗa musu darduma, a kawo ruwan sanyi. Kai mai jan wasa ka sassauta murya, kada ka ɗaga ta, ka dubi wanda aka yi wa alherin ka ce: "Ɗana, kafin in karɓi ruwan garin nan, mutum nawa ake kashewa a bakin rijiya kowace shekara? Yanzu akwai layi, akwai awo, ba a faɗa. Ka sha ruwanka. In ka kashe ni, gobe wa zai raba?" Sannan ka yi shiru, ka bar su da kofunan a hannu. Kada ka cike musu shirun. Mugun da ke da kashi ɗaya cikin goma na gaskiya a bakinsa ya fi mai ƙaho goma ban tsoro, domin sai mutum ya yi gardama da zuciyarsa kafin ya zare takobi.

Ka ba shi shiri mai matakai, ka rubuta a gefe: idan 'yan wasa ba su yi komai ba, mako na farko zai sayi hakimi, na biyu zai kori masu haƙar rijiya daga gari, na uku zai aurar da 'yarsa ga ɗan sarki. Duk zaman da suka ɓata suna wani abu, shi ya ci gaba mataki ɗaya, su dawo su tarar gari ya sauya. Ka kuma yarda tun yanzu cewa zai faɗi, wataƙila ta hanyar da ba ka shirya ba. Mai jan wasan da ya ƙaunaci bos ɗinsa har yana murɗe dayis don ya tsirar da shi ya faɗa ramin da abokinka ya faɗa, ya fifita mutumin takarda a kan mutanen teburi.

Abu ɗaya kuma kada ka kuskura: kada ka ba mugu harshen wata ƙabila ko kamanninta. A garin da muke zaune da Yarbawa da Ibo a layi ɗaya, inda ba a manta rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 ba, bos mai karin harshen maƙwabci ba wasa ba ne, ko da babu ɗan ƙabilar a ɗakin. Kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, da kansa ya sanar a 2020 cewa zai sauya yadda yake nuna wasu jinsunan wasan da a da aka ɗauke su mugaye tun daga haihuwa. Attajirinka ya zama mugu saboda rijiyoyin da ya cike.

Kafin Lahadi, ka kira mutum biyun da suka yi fushi, kowa shi kaɗai, ka gaya musu dokar dayis da zaman sharar fagen da za a yi, ka tambaye su ko za su zo wannan zaman kawai. Batun jakar zinare da mai masauki kuwa, ku yanke tare: ko a shafe shi a ce bai faru ba, wanda ba laifi ba ne ko kaɗan, ko a bar shi ya zama bashin da mai kisan zai biya a cikin labari. Idan abokin naka ya karɓi sharuɗɗan, ka ba shi zama uku ka gani. Idan ya ce shi dai sai ya yi abin da ya ga dama, ka ce masa ya ajiye wannan mutumin ya ƙirƙiri wani, mai kisan kuma ya dawo hannunka. Ka riga ka samu wanda attajirin mai rijiya zai ɗauka aiki.